Ajiyar da ɓera ya buɗe

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, ka san Mubi, kafin a kira la'asar labari ya kai Sorau. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni ba ɗan boko ba ne, da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, amma abin ya tsaya min a wuya, idan ban amayar da shi ba zai iya kwantar da ni.

Ni dattijo ne, na haura hamsin da biyar. Kakana ya zo daga ƙasar Katsina da fatauci ya zauna, ubana a nan aka haife shi, ni ma haka. Ina da shago kusa da inda mutanen ƙauye suke sauka ranar kasuwa, ina sayar da igiya da kwaɗo da lauje da fartanya. Amma ba da wannan aka san gidanmu ba, da ajiya aka san mu. A bayan shagon akwai ɗaki, tun zamanin ubana mutanen Duvu da Mugulbu da makiyaya suke barin kayansu a ciki, wani na yini ɗaya, wani na shekara, ba ma karɓar ko sisi. Doka uku ubana ya bar min, kuma ya sa na maimaita masa su yana kwance a ciwon ajali: ajiya ba a buɗe ta, ba a faɗa wa kowa wanda ya kawo ta, ba a miƙa ta sai ga hannun da ya kawo. Lokacin da mayaƙa suka shigo duk muka gudu muka bar garin nan, waɗanda suka sani sun sani, ban ɗauki ko igiya ɗaya daga kayana ba, ƙullin wani Bafulatani na ɗora a kai har ƙetaren boda, na dawo da shi bayan watanni na miƙa masa, kuma har yau ban san abin da ke ciki ba. Ba yabon kai nake ba, ina so ne ku san abin da nake shirin rasawa.

Matsalar ta fara ne daga 'yata. Zan kira ta Ummi, haka nake kiranta a gida don sunan mahaifiyata gare ta. Ita ce babba, kuma ba zan ɓoye ba ita na fi so, tun tana rarrafe a kan buhunan ɗakin ajiya take wasa. Na yi wahala ta gama babbar makaranta ta foli, na ce to alhamdulillahi, yanzu ta samu ɗan aikin koyarwa ta zauna kamar 'ya'yan mutane. Ina! Sai ga yarinya ta shiga wata ƙungiyar matasa wai su masu kare ƙuri'a, wai masu wayar wa talaka da kai a kan dimokuraɗiyya. Ta ɗora wata 'yar riga mai ƙyalli a kan hijabi kamar masu ba da hannu a titi, ta ɗauki lasifika, yau suna Mugulbu gobe suna Duvu, a kan mashin, ƙafa butu-butu da ƙura, murya a dushe. Ranar da na fara ganin bidiyonta a wayar wani, tana tsaye a kan benci a tsakiyar maza tana ɗaga hannu tana cewa ƙuri'arka 'yancinka, wallahi sai na miƙa wa mai wayar abinsa na juya baya. Sunan uwata ne fa a kan bencin nan.

Kuma abin haushin, wai ni za a koya wa zaɓe. Mun yi layi a rana tun kafin ta san hannun damanta, mun dangwala wa wannan mun dangwala wa wancan, me muka gani? Atamfa da taliya da sabulu, sai kuma bayan shekara huɗu. Na ce mata Ummi abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, siyasa kwata ce, duk wanda ya shiga da farin kaya ya san yadda zai fito. Sai ta ce min ai Baba don kun bar musu kwatar ne ta cika har ta shigo gida. Ku ji fa. Yarinyar da na yi wa tsarki da hannuna. A majalisarmu ta bakin masallaci aka sa min suna Baban Dimokuraɗiyya, in na zo wucewa sai wani ya ce a matsa wa baban gwamna, a bushe da dariya, ni ma in yi yaƙe, amma Allah ne kaɗai ya san abin da ke raina. A gida kuwa ƙannenta suka ɗauka, ko miya za a yi sai su ce a jefa ƙuri'a, kuka ko kuɓewa. Uwarta ba ta taimaka min da komai ba, in na fara faɗa sai ta ce Malam ai jininka ne, taurin kan ba a wajena ta gada ba.

Duk wannan da na shanye, da a nan abin ya tsaya. Maiɗakina 'yar wani ƙauye ce ta wajen Duvu, mahaifiyarta tana nan da rai, tsohuwa ce tukuf, Dada muke ce mata. Wajen wata biyu da suka wuce wasu samari suka je ƙauyen da mota, suka ce ana rajistar mata za a raba taki, kowace ta kawo katin zaɓenta a je gari a yi fotokwafi a dawo da shi. Mata suka yi ta miƙawa, har da Dada, har da matan ƙauyukan da ke kewaye. Babu taki, babu kati. Ga waɗanda ba su gane ba, ba wai za a jefa ƙuri'a da katin ba ne, yanzu na'ura ba ta yarda sai da yatsan mai shi. Ana karɓewa ne don kada su jefa. Mutanen wannan yankin sun daɗe suna rantsuwa sai sun kayar da wani Honarabul saboda maganar gadar mayo, rafin da ke raba su da gari, wadda ya yi musu alkawari sau biyu, har yau da damina mace mai naƙuda a kan ƙyauren ƙofa ake ɗaukarta a ƙetare da ita. To in babu kati ai babu kayarwa.

Ummi ta je gaishe da kakarta ta ji labari, shi ke nan kamar an zuba wa wuta fetur. Suka bi gida gida suna tambaya, har suka gano motar da ta kai samarin ta wane ce. Kuma a wani mitin da suka yi a fili, da lasifika, yarinyar nan ta kama sunan mutumin ta faɗa. Zan kira shi Alhaji Buba, ba sunansa ba ne. Jama'a wannan mutumin tare muka yi karatun allo, sahu ɗaya muke sallah shekara da shekaru, shi ya kawo ragon da aka yanka ranar sunan Ummi. Yanzu yana cikin na hannun daman Honarabul ɗin, kowa ya sani, amma ni ban taɓa ganin wani abin ƙi a wajensa ba. Da labari ya zo min sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce wannan ba dimokuraɗiyya ba ce, rashin tarbiyya ne tsagwaronsa, kin ci ragon mutum kin girma kin zo kina kiran sunansa gatsal a bainar jama'a kamar sa'anki, tir da wannan boko.

Na sa ta a gaba har gidansa, na ce ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ta durƙusa, don ba ta taɓa ƙin umarnina a gaban mutane ba, amma kun san me ta ce? Ta ce Bappa na ba ka haƙuri a kan ɗaga murya da kiran sunanka babu sakayawa, amma maganar katin ban janye ba, ka mayar wa tsofaffin nan abinsu. Na ɗaga hannu zan kai mata mari, shi da kansa ya riƙe ni. Ya yi dariya, ya ce haba Malam, 'yata ce fa, ƙuruciya ce, mu ma mun yi tamu, ni ban san wata maganar kati ba, yara ne suka ari motata. Har ya sa aka kawo mana lemo. Na fito ina jin kunyarsa, ina cewa a raina kai duniya har yanzu da sauran mutanen kirki.

Bayan kwana biyu sai ga shi a shagona da kansa, da hantsi, ya sauko daga mota da wani ɗan buhu, bai kai rabin buhun masara ba, an ɗinke bakinsa da zare mai kauri. Ya ce Malam don ka san ban riƙe ka a zuci ba, ga ajiya na kawo maka, har gobe ba ni da amintacce a garin nan kamarka, bayan zaɓe in ƙura ta lafa zan zo in karɓa. Wallahi tallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na karɓa hannu bibbiyu, na yi ta godiya, ni nake masa godiya fa, na kai buhun can ƙurya na ɗora a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi. Na san da yawanku tun a nan kun gano, kuna cewa wannan tsoho wane irin wawa ne. Ku faɗa, na yarda. Amma mutumin da ya shekara talatin yana karɓar kaya ba ya tambaya, hankalinsa ya riga ya saba da rashin tambaya, ko a zuci ban tambaya ba.

Ana haka sai Ummi ta zo ta same ni a shago, ta jira masu ciniki suka watse, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce Baba an ce an fitar da katunan daga gidan Bappa don ya ga ana sa masa ido, don Allah ko ya kawo maka wata ajiya kwanan nan? Ran maza ya ɓaci. Ita da ta tashi a ɗakin nan, ita da ta haddace dokokin kakanta kafin ta haddace Fatiha, ita ce za ta zo ta tambaye ni wanda ya kawo ajiya? Na ce mata abin naku har ya kai ku binciki iyayenku, to ko alƙali bai taɓa jin sunan mai ajiya a bakina ba balle ke da lasifikarki. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan iya rubutawa ba. Ƙarshe na ce ko ta ajiye wannan rigar ta shirme ko ta bar min gida. Ta tashi ta karkaɗe hijabinta, da yamma na koma gida uwarta ta ce ta haɗa kaya ta tafi wajen Dada. Ni kuwa har da cewa ta fi ruwa gudu. Buhun yana bayana a lokacin da nake mata wannan faɗan, tsakaninta da shi bai fi taku biyar ba.

Da na je ƙauyen ta'aziyyar wani bayan 'yan kwanaki, Ummi ta gaishe ni daga nesa ta shige. Dada kuwa ba ta raga min ba. Kun san Hausar tsofaffinmu na can, ba ruwanta da mace ko namiji, ta ce min Malam wannan yarinya da ka kora, shi ne namiji a gidanka. Ta ce ni dai katina nake so, ko da rarrafe zan je in dangwala, in mutu in gaya wa Allah na yi nawa. Don suruka ce na yi mata sallama na fito, amma a hanya ina ta tsaki, ina cewa yarinyar nan har tsohuwa ta zuga.

Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce na shiga ɗakin ajiya da safe na ga kashin ɓera a kan kayan mutane. Na ce bari in fitar da komai in share in sa tarko. Na zo kan buhun Alhaji Buba na ɗaga, ashe ɓera ya huda gindinsa, sai na ji shaaa, abu yana zuba a kan ƙafata. Na duba ƙasa. Fuskoki ne jama'a. Fuskokin mata, tsofaffi da masu jego da 'yan mata, an ɗaure su dami dami da roba, wasu robar ta tsinke sun watse cikin kashin ɓera. Na ja baya sai na ji na taka wani abu, na ɗaga takalmina, Dada ce. Surukata, da ɗankwalinta, tana kallona daga ƙasa da shatin takalmina a goshinta. Ban san lokacin da na fita bayan shago na yi amai ba, amai na gaske, har maƙwabcina mai sayar da buta yana tambaya ko shawara ce ta kama ni.

Ƙyama nake ji, ƙyamar da ban taɓa ji ba. Ba satar ce ta fi ɓata min rai ba, mun san 'yan siyasa, kura ba a ba ta ajiyar nama. Lissafin da mutumin nan ya zauna ya yi a kaina shi ne yake tayar min da zuciya. Ya duba duk Mubi, ya ce ina ne ba za a taɓa nema ba? Shagon uban yarinyar da ke nema. Wane ne ba zai buɗe ba ko za a yanka shi? Wannan sakaran. Wane ne zai kori 'yarsa da bakinsa in ta tambaya? Shi dai. Ya ɗauki abu ɗaya tak da na gada, abin da nake tinƙaho da shi, ya mayar da shi masai ya tsuguna a kai, ni kuma ina tsaye ina riƙe masa buta ina godiya. Jiya a masallaci ya tsaya kusa da ni a sahu, kafaɗarsa tana taɓa tawa, turarensa yana shiga hancina, da aka sallame ya miƙo min hannu yana murmushi ya ce Malam ya kasuwa, ya labarin 'yar tawa. Na ba shi hannu. Da na koma shago sau uku na wanke shi da sabulu, Allah wadaran wannan hali.

Kuma kada ku ɗauka na dawo ɗan dimokuraɗiyya. Har yanzu ban yarda da hawa benci ba, ban yarda 'ya mace ta yini a kan mashin da lasifika ba, kuma har yanzu ina ganin ko an kayar da wannan wanda zai hau ba lallai ya yi gadar ba. Amma wannan ra'ayina ne, katina yana aljihuna, in na ga dama in je in na ga dama in yi kwanciyata. Su fa waɗannan matan ba a bar musu ganin damar ba. An zo musu da maganar taki, an san abin da ke damun manomi, an yaudari tsohuwar da ba ta iya karanta sunanta ba. Yarinyar da na kira mara tarbiyya ita ta faɗi gaskiya tun ranar farko, ni mai furfura na ja ta har gidan ɓarawo na sa ta durƙusa masa. In na tuna gwiwarta a kan tabarmarsa sai in ji na tsani kaina.

Na je wajen malamai biyu, ban faɗi suna ba, na ce a misali ne. Na farko ya ce amana ana mayar da ita ga wanda ya ba ka, zunubin abin da ke ciki nasa ne, kai ba alƙali ba ne, in kowane mai ajiya zai riƙa yanke hukunci a kan kayan mutane to ajiya ta mutu a duniya. Na biyu ya ce abin da aka karɓa da yaudara ba ya zama amana don an ɗinke bakin buhu, masu shi na gaskiya su ne waɗanda hotonsu ke jiki, in ka mayar wa azzalumi ka zama abokin aikinsa. Na fito na fi shiga ruɗewa, don kowanne in yana magana sai in ji kamar ubana ne yake faɗa.

Ga yadda abin yake a gabana, gaba kura baya sayaki. Yau Laraba, zaɓe ranar Asabar. In na yi shiru na ɗinke buhun kamar ban gani ba, ran Litinin ya zo ya ɗauka, ba wanda zai taɓa sani, sunana yana nan fes, matan nan kuma sun yini a gida. In na kira shi na ce zo ka kwashe ƙazantarka, na fita daga ciki a ido, amma na san cikin mayo za su ƙare ko cikin wuta, duk ɗaya ne. In kuwa na ɗauka na kai ƙauye da kaina, ko na miƙa wa Ummi, to na karya dokar ubana ta biyu da ta uku a rana ɗaya, ta farkon ma sai in ce ɓera ne, wa zai yarda? Gobe Bafulatanin da zai zo da ƙulli zai tsaya a bakin ƙofa ya tuna an ce mai shagon nan yana duba kaya yana zaɓen wanda zai mayar wa. Kuma na san Alhaji Buba, zai rantse bai taɓa kawo min komai ba, babu shaida don mu ba ma rubutu, sai a wayi gari ni ne aka kama da katunan mata a ɗakina, uban mai kare ƙuri'a. Za a yi da ni, za a yi da ita, yaran Honarabul kuma ba su da wuyar kunna ashana a shagon mutum. Maiɗakina ban gaya mata ba, don in ta ji fuskar uwarta na taka ban san da wane ido zan dube ta ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya faru jiya bayan magariba. Maiɗakina ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta, ta ce Malam saurari 'yar da ka kora. Ashe wani ya ga motar Alhaji Buba a ƙofar shagona ranar da ya kawo buhun, magana ta yaɗu cikin ƙungiyarsu, wasu samarin suka ce a zo a fasa ɗakin ajiyar a duba. Shi ne ran Lahadi Ummi ta yi musu saƙon murya, har ya zagayo wayar uwarta. Muryarta a dushe, amma ba ta rawa. Ta ce ni na fi kowa sanin Babana, ya kore ni kuma har yanzu muna saɓani, amma mutumin nan ya ɗauki kayan wani a kai ya bar nasa lokacin gudu, ba zai taɓa riƙe kayan zalunci da sani ba, duk wanda zai taɓa ƙofar shagonsa sai dai ya fara bi ta kaina. Uwarta tana share hawaye tana cewa ka ji ko, ka ji 'yar halak. Ni kuwa hannuna yana cikin aljihu a kan katin Dada, don tun ran Litinin na goge shi na sa a nan, na kasa mayar da shi cikin buhun, na kasa kai mata.

Da sani, haka ta ce. Ran Lahadi da ta faɗa gaskiya ta faɗa, ban sani ba. Tun safiyar Litinin na sani, yau kwana uku ke nan ina mayar da 'yata maƙaryaciya a gaban mutanen da ta tare wa ƙofata, ita kuma tana can ba ta da labari.

To jama'a, iyaye da malamai da ku 'yan boko da ke cikin gurup ɗin nan, ku faɗa min tsakaninku da Allah, kada ku ji kunyar furfurata. Amanar wa ke hannuna, ta wanda ya kawo buhun ko ta fuskokin da ke ciki? In mayar masa in tsira da sunan ubana, ko in hau mashin gobe da safe in kai wa matan nan abinsu in rufe ɗakin ajiya har abada? Kuma in kaiwar ce, in fara kiran Ummi ne, ko in bari ta gan ni da buhun a ƙofar kakarta? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara, don kwana biyu kawai suka rage min.